Irin lambu a ƙarshen hunturu: na leda, na awo, dashe ko na maƙwabta?

Da hazo ya fara janyewa a watan Fabrairu, aka daina neman bargo da asuba, sai sha'awar shuka ta motsa wa duk mai ɗan fili a bayan ɗaki. A nan ne kuma aka fi asarar kuɗi. Mutum ya ga tumatir ya cika kasuwa, kwando bisa kwando daga Kadawa da Kwanar Gafan, ya ga latas da kabeji sun yi shar a lambunan bakin rafi, sai ya ruga shagon kayan gona ya sayo irinsu. Ya manta waɗancan tun Oktoba ko Nuwamba aka zuba su, sanyi ne ya raine su. Abin da ka zuba yau kuwa a Afrilu zai yi fure, lokacin da zafin Kano ke taɓa digiri 40.

Saboda haka kafin a zo maganar inda za a sayi iri, a fara sanin me bazara za ta bari ya rayu. Tumatir yana zubar da fure idan zafin rana ya haura wajen digiri 35, dare kuma bai yi sanyi ba. Latas tsawo yake yi, ya yi ɗaci. Kabeji da karas a bar su sai baɗi. Masu son wannan lokaci su ne kuɓewa, alayyahu, lalo, rama, yakuwa, gurji, kokwamba da yalo, in dai akwai ruwan ba su safe da yamma. Attaruhu da tattasai suna da nawa: tsiro kaɗai kan ɗauki sati 2 zuwa 3, reno sati 6 zuwa 8, don haka wanda ya zuba a Maris a ƙarƙashin inuwa zai samu dashe ya isa daidai lokacin da hadari ya fara haɗuwa.

Iri mafi tsada shi ne mai aure, wanda za ka ga an rubuta F1 a jikin ledarsa ko gwangwaninsa. Iyaye biyu aka zaɓa aka haɗa, shi ya sa yake tsirowa bai ɗaya, ya yi 'ya'ya kai ɗaya, ya kuma jure wasu cututtuka. In har ka nace sai ka yi tumatir yanzu, to a nan kuɗinka zai yi maka rana. Akwai Padma da Platinum na kamfanin East-West Seed, akwai Mongal da Cobra na Technisem, duk an san su da jure zafi ko ruwan damina fiye da tumatirin rani. Kada dai a yi tsammanin abin al'ajabi, su ma a tsakiyar Afrilu sai an yi musu rumfar zana ko ta buhu. Aibin mai aure biyu ne. Na farko ba a ajiye irinsa; in ka tsame daga 'ya'yansa ka shuka, jikokin kowa kamarsa daban, wani ƙanana, wani ganye zalla. Na biyu, ba don mai shuka a buhu goma a tsakar gida aka ƙulla ledar ba. Giram 1 na irin tumatir ya kai ƙwaya 300, ledar giram 5 ke nan ƙwaya 1,500, alhali kai tushe 20 ya ishe ka. Ni dai ban ga dalilin da mutum ɗaya zai saya shi kaɗai ba. Ku haɗu ku biyar ko shida a unguwa, ku yi karo-karo, ku raba.

Akwai kuma na leda wanda ba mai aure ba, ya fi sauƙin kuɗi, kuma ana maimaita shi shekara da shekaru. A tumatir akwai Roma VF da UC 82B, wanda manoma ke kira UTC. Masu kyau ne, amma 'yan sanyi ne, ka saya a Satumba ba yanzu ba. A kuɓewa akwai Clemson Spineless, wadda kan fara bayarwa cikin wata 2 da shuka. Sai dai masu son miya ta yi yauƙi sosai sukan ce ba ta kai ta gida ba, ni ma haka na gani a tukunya.

Ko wanne ka ɗauka, juya ledar ka karanta bayanta. Ka nemi ranar da aka ƙulla, da ranar ƙarewa, da kason tsiro da aka yi alkawari. A Najeriya hukumar kula da iri ta ƙasa, NASC, tana da tambarin da ake kira Seedcodex, wanda ake kankarewa a tura lambar ta waya don tabbatar da ba jabu ba ne. Sannan ka dubi shagon kansa. Na taɓa sayen irin kokwamba a wani shago inda aka jera ledojin a igiya a bakin ƙofa, rana na dukansu har hoton ya koɗe. Na ce, "Malam, na bana ne kuwa?" Ya ce, "Haba Alhaji, shekaranjiya aka kawo." Rami 30 na shuka, 4 suka fito. Iri abu ne mai rai, zafi da laima su ke cinye shi, ko da kwanan watan bai cika ba. In ka buɗe ka ga ƙwayoyin ja ko shuɗi ko kore, magani ne aka shafa musu, a nisanta su da yara da kaji, a wanke hannu.

Irin awo na kasuwa, wanda ake sayarwa a murfin kwalba ko gwangwanin madara, bai cancanci rainin da ake masa ba. Alayyahu, lalo, rama da yakuwa, ban ga abin da zai kai ni ga leda ba, cokali guda na alayyahu ya ishi fangali. Lalo dai yana da taurin kai: a ƙulle shi a tsumma, a tsoma cikin ruwan zafi kamar daƙiƙa 10, a shanya a inuwa, sannan a shuka, in ba haka ba ya kwanta a ƙasa abinsa. Wanda ba na saya a awo shi ne irin albasa, domin da wuya ya wuce shekara guda da ƙarfinsa, kuma ko sunan 'yar Galmi aka kira maka, ido ba ya bambance na bana da na bara.

Dashe kuma na mai gaggawa ne. Ka je wajen mai lambu, ya cire maka ɗauri, ka tsallake wahalar reno. Haɗarinsa shi ne kana iya sayo cuta da kuɗinka. Duba saiwa, in akwai ƙulli-ƙulli a jiki ka bar shi. Juya ganye ka nemi farin ƙuda da zanen tsutsar nan da manoma suka raɗa wa sharon, wadda ta cinye tumatirin Kano da Kaduna a 2016. Gajere mai kaurin kara ya fi dogo siriri.

Irin maƙwabta shi na fi so, shi ne kuma ya fi buƙatar tambaya. Ya riga ya saba da ƙasarku da ruwan rijiyarku, ka kuma ci miyarsa ka san ɗanɗanonsa. Amma kyauta ba ta hana bincike. Wata dattijuwa a layinmu ta ba ni busassun ƙahonin kuɓewa guda uku, ta ce, "Ungo ɗan nan, tun ta mahaifiyata ce." Na shuka a Fabrairu ina murna. Ta yi tsawo har ta wuce katanga, ganye faffaɗa, fure ko ɗaya babu. Da na koma na ce, "Inna, kuɓewar nan ta ƙi haihuwa," sai ta yi dariya ta ce, "Ai ta kaka ce, wa ya aike ka?" Gaskiyarta. Wasu kuɓewoyin gida ba sa fure sai yini ya fara gajarta, ko yaushe ka shuka su. Sai bayan damina ta ja na ci, kuma ta biya ni, amma ruwan wata shida na yi ta ɗora mata.

Tun daga nan tambaya uku nake yi. A wane wata ake shuka shi? Daga leda mai F1 aka samo uwarsa? Me ke kusa da shi a lambu? Ta ukun saboda barkono ne da dangin kabewa, waɗanda ƙudan zuma ke haɗa su aure ba da sanin mai su ba. Tattasan da ya girma kusa da barkono mai yaji, 'ya'yan irinsa na iya fitowa da yaji. Tumatir bai cika wannan ba, yawanci kansa yake aura.

Na leda ne ko na awo ko na Inna, gwaji ɗaya ne. Ƙirga ƙwaya 10, shimfiɗa su a jiƙaƙƙen tsumma, naɗe, sa a leda a inuwa, kana yayyafa ruwa. Bayan sati guda (barkono a ba shi biyu zuwa uku) ka buɗe. In 8 sun fasa, shuka abinka. In 5 ne, ninka abin da za ka zuba. Ƙasa da haka kada ka ɓata ruwa.

Wajen reno ba sai an sayi farantin roba mai ramuka ba, ko da yake yana rage karyewar saiwa. Kiret ɗin ƙwai na kwali ko ledar fiya wata da aka huda ƙasanta sun wadatar, a cika da turɓaya da ruɓaɓɓen kashin awaki da aka tankaɗe. Ruwa kaɗan-kaɗan, don yawansa ke sa tsiro ya ruɓe daga gindi ya faɗi. Kuɓewa da kokwamba da gurji ba sa son dashe, kai tsaye ake shuka su, kuɓewar a jiƙa ta kwana.

In an zo rabo, a ƙulle wa kowa nasa a takarda, a rubuta suna da watan da aka tara shi, don bayan wata uku ba mai tuna wanne ne attaruhu wanne ne tattasai. Ragowar a sa a kwalba mai murfi da 'yar busasshiyar toka, a ajiye a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da madafa. Mu bana leda ɗaya ta tumatir muka saya mu shida, kowa ya samu cikin murfin biro. Kuɓewar Inna kuwa tana cikin kwalba, sai watan Yuli.