Toshen soso, na roba ko marufin kunne: wanne ya dace da mai aiki cikin ƙara?

Mai injin niƙa, mai walda da mai tsaga katako duk ƙa'ida ɗaya ta hau kansu. Idan sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye kamu biyu daga gare ka ya ji, ƙarar ta kai wajen desibel 85 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara), kuma awa 8 ce iyakarta a rana. Duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa 4, 94 awa ɗaya, 100 kuwa minti 15 kacal. Ƙananan ƙwayoyin ji na can cikin kunne idan suka mutu ba sa farfaɗowa. Alamar farko ita ce kunne ya riƙa kuwwa bayan an kashe inji, ko mutum ya ji ana magana a kasuwa amma ya kasa tsintar kalmomin.

Toshen soso ya fi arha, kuma lambar NRR da ke jikin ledarsa, wadda ke nuna yawan desibel da yake ragewa, takan kai 33. Sai dai yawancin masu sa shi ba sa samun ko rabin hakan, domin a bakin kunne suke cusa shi. A murza shi da yatsu masu tsabta har ya zama siriri, a zagayo da ɗaya hannun ta saman kai a ja kunnen sama da baya, a tura, a riƙe daƙiƙa 30 ya kumbura a ciki. Wanda ya kalle ka ta gaba bai kamata ya hango shi ba. Da ya yi datti ko ya daina kumbura, a yar.

Na roba mai igiya ana wanke shi da ruwa da sabulu, ya yi watanni. Bai kai soso tarewa ba, amma ya fi wa bakanike, tunda ba sai an murza shi da hannu mai baƙin mai ba.

Marufin kunne kuwa, wanda ake ɗorawa a ka ya rufe kunnuwan ta waje, ba ya buƙatar ƙwarewa, kuma shi ne zaɓin mai ciwon kunne ko wanda kunnensa ke zubar da ruwa. Illarsa zufa a watan Afrilu, da kuma ƙafar tabarau, hula ko rawani da ke buɗe masa kafa. Kafin ka biya, latsa katifarsa ka ga ta dawo. Wadda ta sandare ko ta tsage ba ta da amfani. Inda ƙara ta haura 100 a haɗa shi da soso, amma lambobin biyu ba a tara su, ƙarin wajen desibel 5 ne.

Auduga busasshiya yaudarar kai ce. Iyafis na jin waƙa ma haka, sai ma ya sa a ƙure sauti don a danne ƙarar inji.

A nan ne masu saye ke tafka kuskure: bin babbar lamba. Cire abin kariya na minti 5 a cikin awa guda yana mayar da kariyar wajen desibel 11, komai tsadarsa. Don haka a gwada a shago, a ɗauki wanda za a iya jurewa daga kunna inji har kashe shi.