Yaya, kafin ka amsa wa dattawa maganar kansila

Assalamu alaikum Yaya. Ina gaishe ka, ina gaida Inna da iyali da duk mutanen gida. Yaya damina? Na ga hoton kwalbatin bakin kasuwa da ka turo, yadda ruwa ya sake cinye shi ya bar rodi a waje. Na kuma ji maganar da dattawan unguwa suka zo maka da ita ta tsayawa takarar kansila. Ka ce in gaya maka yadda mutanen Ingila ke riƙon garuruwansu, kada in shafa wa maganar mai. A waya ba za ta ƙare ba, shi ya sa na zauna na rubuta, na kuma ajiye ta inda sauran 'yan garinmu za su gani, tunda kwalbatin nan kowa ta kansa yake bi.

Shekarun da nake ɗalibi ban san nauyin zaman ƙasar nan ba, domin doka ta ɗauke wa ɗalibai harajin gida. Ina gama karatu na kama aiki sai ga ambulan an zuro ta tsagar ƙofa da sunana a jiki. Tun daga nan duk watan Maris sai ta zo. Gidajen Ingila an kasa su aji takwas, daga A zuwa H, gwargwadon darajar gida a shekarar 1991, kuma har yau da wannan tsohon ƙiyasi ake aiki. Wanda ke zaune a gidan shi ke biya, ko da haya yake yi. Ɗan gidan da muke ciki, ɗaki biyu da falo, yana aji na biyu, ina biyan wajen fam 170 duk wata daga Afrilu zuwa Janairu. Idan ka lissafa fam ɗaya a kan naira dubu biyu, kuɗin ya ninka mafi ƙarancin albashin Najeriya na naira 70,000 kusan sau biyar. Haya daban, wuta daban, gas daban, ruwa ma daban. Wanda ya yi jinkiri za a aiko masa da takardar tuni. Idan ya yi biris, a nemi kuɗin shekarar gaba ɗaya, daga nan sai kotun majistare, sai a fara cira daga albashinsa. Babu ɗan wane a ciki, babu a bari sai kaka.

Ranar da na fara biya raina ya ɓaci ƙwarai. Amma tun daga ranar idona ya buɗe a kan titin da nake bi. Fitilar da ta mutu a bakin layi, wadda da can zan wuce ta ban ko ɗaga kai ba, sai na ji tamkar a ɗakina ta mutu.

Bari in ba ka labarin wani rami. Bayan sanyin bara kwalta ta fashe a gaban gidanmu, rami ya buɗe kamar faɗin faifai. Maƙwabciyata, wata tsohuwa da ta haura saba'in, ta fito da wayarta ta ɗauki hoto, ta tura a shafin ƙaramar hukuma na intanet, aka ba ta lambar ƙorafi. Bayan 'yan kwanaki wani ma'aikaci ya zo ya auna zurfin ramin, ya zagaye shi da farin fenti. Na tambaye ta me ya sa sai an auna, ta ce suna da ƙa'ida, ramin da bai kai wani zurfi ba sai ya jira layi. Namu ya kai. Cikin mako biyu mutum uku suka zo da ƙaramar mota, suka yanke gefen ramin, suka zuba kwalta mai zafi suka danne, ba su yi awa ɗaya ba. Ba wanda ya yi musu godiya, ba a kafa allo da hoton kowa ba, ba a kira maroƙa ba. Tsohuwar ma cewa ta yi sun makara. Ita a wurinta kayan da ta riga ta biya ne aka kawo mata.

Shara kuwa kowane gida da mazubinsa mai taya, na tarkace daban, na kwalabe da kwali daban. Daren Talata muke turo namu bakin titi, da asuba mota ta kwashe. Magudanan ruwa a ƙarƙashin ƙasa suke, ba ka ganin kwata a buɗe. Idan dare zai yi ƙanƙara, motoci na bin manyan tituna suna watsa gishiri don kada taya ta zame. Ɗakin karatu kyauta ne, can nake kai yara ran Asabar.

Sai dai da na karanta bayanin da ke zuwa tare da takardar harajin, na ga titi da shara da fitila ba su ne ke cin kuɗin ba. Akwai kason 'yan sanda da na 'yan kwana-kwana, amma babban abin da ke lashe kasafin ƙananan hukumomin nan shi ne kula da tsofaffi da naƙasassu da yaran da iyayensu suka kasa riƙewa. Abin da Yaya da matanka kuke yi wa Inna safe da yamma, a nan ma'aikaci ake biya ya zo ya yi na rabin awa ya wuce gida na gaba. Na shiga gidajen da tsoho ke wuni bai ji muryar kowa ba sai ta talabijin. Haka kabari: maƙabartun hukuma sayar da fili suke yi, a wurare da dama kuɗin ya haura fam dubu, har musulmin nan ke kafa asusun jana'iza suna tarawa wata-wata. Mu da za a yi rasuwa da hantsi, matasa su ɗauki diga da shebur, kafin azahar an sallaci mamaci an rufe ba a nemi sisin kowa ba. Wannan arziki ne, kuma yana nufin ɗan abin da ke shigo wa ƙananan hukumominmu ba shi da wannan ƙaton rami a gabansa. Ya kamata a ce ya fi haka bayyana a ƙasa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne takarda. Ƙaramar hukuma a Ingila dole ta wallafa duk kuɗin da ta kashe da ya wuce fam 500, da sunan wanda aka biya. Kowace shekara akwai kwanakin aiki 30 da mazaunin gari ke da ikon zuwa ya ce a buɗe masa littattafan kuɗi da takardun kwangila. Idan suna son ƙara haraji ya kai kashi 5 cikin 100 ko fiye, sai sun koma ga jama'a an kaɗa ƙuri'a, ko gwamnatin tsakiya ta ba su izini na musamman. Zaman majalisa a buɗe yake. Na je sau ɗaya a watan Fabrairu, lokacin da suke yanke kasafin shekara, na zauna a benen 'yan kallo. Ana gardama a kan rage hasken fitilun titi bayan tsakar dare don a rage kuɗin wuta. Wani dattijo direban bas mai ritaya ya miƙe, aka ba shi minti uku, ya ce 'yarsa na tashi aiki ƙarfe ɗaya na dare, ta wane titi suke so ta bi? Hannunsa na rawa, takardarsa na rawa, amma shugaban zaman bai katse shi ba, kuma kansilan da ke riƙe da harkar tituna ya tashi ya ba shi amsa da adadi. Ba su janye shawarar ba, sun dai cire titunan da ke kusa da asibiti da tasha. Ina zaune ina tuna sau nawa muka wuce sakatariyarmu ba mu san ko majalisa na zama a ciki ba.

Kada ka ɗauka mala'iku ne. Birmingham, birni na biyu a girma a ƙasar, wanda ba shi da nisa da mu, majalisarsa mai kansiloli 101 ta fito a watan Satumban 2023 ta ce ba za ta iya daidaita kasafinta ba, wato ta tsiyace. Bashin mata ma'aikata da aka daɗe ana biya ƙasa da maza ya taru, an ƙiyasta zai iya kai fam miliyan 760, ga wata manhajar kwamfuta ta lissafin kuɗi da ta ci ninkin abin da aka tsara. Gwamnati ta turo kwamishinoni suka zauna a kansu, aka ƙara wa mazauna haraji kusan kashi 10 cikin 100 a 2024, aka ƙara kashi 7 da rabi a 2025, aka shiga sayar da kadarori. A watan Maris na 2025 masu kwasar shara suka tsunduma yajin aiki, har aka ce tan 17,000 na shara ya taru a tituna. Kafin Birmingham, ƙaramar hukumar Croydon ta tsiyace a 2020, bayan Birmingham kuma ta Nottingham ta bi. To amma ka lura, doka ce ta tilasta wa ma'ajin majalisar ya fito ya faɗa da bakinsa cewa asusu ya ƙare, kowa ya ji adadin, kowa ya san dalilin. Mu a gida albashi ne kawai zai daina fita, a ce wa malaman firamare su yi haƙuri.

Wannan Birmingham ɗin dai ita ce a da ake kwatance da ita. Joseph Chamberlain ya zama magajin gari a 1873, ya sa majalisa ta saye kamfanonin gas da na ruwa. Daga baya garin ya ci bashi ya gina madatsu a tsaunukan Wales, ya janyo ruwa tafiyar mil 73, gangara kawai ba inji, aka buɗe a 1904, kuma har gobe shi ake sha. Ruwan ya fita daga hannun gari, a 1989 ya koma na kamfanoni, yanzu mutane na kukan tsada da ƙazantar da ake saki cikin koguna. Duk da haka ban taɓa murɗa famfo ya yi mini tari ba. Sai in tuna Kebbi da Allah ya kewaye da ruwa, ga Neja ta Yauri, ga gulbin Rima ta Argungu da Birnin Kebbi, ga gulbin Zamfara ta Jega, amma gidanmu sai an jira mai kura ya turo jarka. Bohol ɗin unguwa da aka buɗe da kiɗa, tun da injinsa ya ƙone wa ya sake waiwayarsa?

Na koma na karanta tsarin mulkinmu na 1999, jadawali na huɗu. Yaya, kusan duk abin da na lissafa maka yana ciki: kasuwa, tasha, mayanka, maƙabarta, magudanar ruwa, fitilun titi, kwasar shara, sa wa tituna suna da lambar gidaje, har lasisin keke da amalanke da kwalekwale. Aikin ƙananan hukumomi 774 ne, 21 daga ciki namu na Kebbi, 14 na maƙwabtanmu Zamfara. Kasonsu daga asusun tarayya kashi 20.6 cikin 100 ne. Shekara da shekaru kuɗin na bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, har ranar 11 ga Yulin 2024 da Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba su kai tsaye, kuma kantomomin riƙo ba sa bisa doka. An daɗe ana jan ƙafa wajen aiwatarwa. Amma ko gobe kuɗin ya faɗo asusun sakatariya, idan ba wanda ya san nawa ne, wurin ɓacewarsa kawai aka sauya.

Ina jin tushen ciwon shi ne muna ganin kuɗin na Abuja ne, na fetur, ba guminmu ba, shi ya sa idan ciyaman ya gina aji biyu sai mu tafi godiya. Alhali muna biya. Mai albasa daga Aliero na yankar tikiti kafin ya sauke buhu, mai shinkafa na biya, ɗan acaba na biya kullum, mai rumfa na biya, kowace dabba da ta shiga kara ana karɓa a kanta. Ka tuna akwatin ƙarfen marigayi Baba, da rasit ɗin haraji da jangali a ɗaure da zare, shekara bi shekara? Zamanin En'e akwai zalunci, Baba da kansa ya ba mu labarin waɗanda suka tsere daji saboda haraji, ba na fatan ya dawo. Amma yakan nuna rijiyar siminti da ɗakin shan magani da elementare ya ce daga baitulmali aka yi su, da kuɗinsu. Yau wa zai nuna maka abin da tikitin kasuwarmu na shekara goma ya gina?

Don haka idan ka amsa wa dattawa, ni abin da nake roƙonka bai kai gina asibiti ba. Duk wata ka samo adadin abin da ya shigo daga tarayya da abin da aka tara a kasuwa da tasha, ka rubuta da Hausa, boko da ajami, ka manna a bangon kasuwa da ƙofar masallacin Juma'a. Alƙaluman rabon tarayya ana wallafa su, zan riƙa turo maka. Duk kwangilar da ta shigo mazaɓarka a rubuta kuɗinta da sunan ɗan kwangila da ranar gamawa a wurin aikin. Ka ware yini ɗaya a wata ka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida don masu ƙorafi, da littafi, kowa a rubuta nasa da kwanan wata. Kansilolin nan haka suke yi a ɗakunan karatu. Na san za a ce ka cika tsaurin ido, wataƙila ma waɗanda suka kawo ka su fara juya maka baya. Ka yi shawara da Inna, ka yi istihara kafin ka ba da amsa.

Kwalbatin kuma kada a jira zaɓe. Ka sa magini ya auna ya faɗi buhun siminti nawa da rodi nawa da tifar yashi nawa zai ci. Mu huɗu ne 'yan garinmu a nan, na yi musu magana, za mu ɗauki siminti idan matasa za su fito gayya. A rubuta abin da muka aiko da abin da aka kashe a manna a jikin rumfar mai shayi. Ka turo mini lissafin kafin Juma'a, ka kuma gaya wa Inna maganin ƙafarta yana hannun wanda zai taso ƙarshen wata.

Ƙaninka.