Tokyo ko Fukuoka: Ina Ɗalibin Japananci Zai Fi Samun Sauƙin Zama?

Wani ɗan'uwa ya kawo tambaya. Makarantu biyu na koyon Japananci sun karɓe shi, ɗaya a unguwar Shinjuku cikin Tokyo, ɗaya a birnin Fukuoka da ke tsibirin Kyushu. Kuɗin makarantun kusan ɗaya ne, guzurinsa ba mai yawa ba ne, kuma yana so ya san inda zai fi saurin sabawa da gari, harshen kuma ya zauna masa a baki.

Malam, idan harshen ka je nema kuma aljihunka ba nauyi, Fukuoka ta fi maka. Idan kuwa kana da mai ɗaukar nauyinka, ko kana hangen wata jami'a ko wani aiki da sai a babban birnin ake samu, to Tokyo. Bari mu aza su gefe da gefe.

A fara da lissafi, domin shi ne ke raba gardama. Bizar ɗalibi ba ta ba ka damar yin aiki kai tsaye. Sai ka nemi izini na musamman, shikakugai katsudo kyoka, kuma hanya mafi sauƙi ita ce ka cike takardarsa tun a filin jirgi lokacin da ake ba ka katin zama. Filayen Narita, Haneda da Fukuoka duk suna ba da katin nan take. Izinin awa 28 ne a mako, a lokacin dogon hutun makaranta kuma har awa 8 a rana. A ƙa'idar da ta fara aiki a Oktoban 2024, mafi ƙarancin ladan awa ɗaya a Tokyo yen (kuɗin Japan) 1,163 ne, a Fukuoka yen 992. Ana ƙara shi kusan kowace shekara, amma tazarar tana nan. Ka ɗauki awa 112 a mako huɗu: Tokyo ta ba ka kimanin yen 130,000, Fukuoka kimanin 111,000. Bambancin bai kai 20,000 ba. To juya ka dubi haya. Ɗaki ɗaya mai ɗan kicin da banɗaki a cikin Tokyo yakan kai yen 70,000 zuwa 90,000 a wata, irinsa kuwa a Fukuoka ana samu tsakanin 35,000 da 50,000. Ƙarin da Tokyo ta ba ka da hannun dama, mai gida ya karɓe da na hagu har da ɗori.

Wannan ne ke jefa ɗalibai cikin matsala. Kuɗi ba su isa ba, sai mutum ya ƙara aiki na biyu a ɓoye. Awa 28 ɗin nan jimillar duk ayyukanka ce, kuma daga kowace rana aka fara ƙirga kwana bakwai bai kamata ta wuce ba. Ranar sabunta biza, ofishin shige da fice yana iya neman takardar haraji da bayanin asusun banki, adadin kuɗin da ya shigo kuwa shi zai faɗi awannin da ka yi. Aikin dare yana da ƙarin kashi 25 cikin ɗari daga ƙarfe 10 zuwa 5 na asuba, shi ya sa yake jan mutane, amma wanda ya kwana yana jera kwali a ma'ajiyar kaya ba ya tashi ajin ƙarfe 9. Makarantu da yawa suna lissafa makara uku a matsayin fashi ɗaya, kuma halartar da ta sauko ƙasa da kashi 80 cikin ɗari tana sa sabunta biza ya yi wuya. Gidan cacar pachinko da mashayar da mata ke zama da baƙi haramun ne ga ɗalibi a doka, ko da shara kawai zai yi musu.

Kafin ka karɓi makulli akwai kuɗin shiga, tsarinsu kusan ɗaya a garuruwan biyu. Shikikin kuɗin ajiya ne, ana cire gyara a mayar maka da saura. Reikin kuɗin godiya ne ga mai gida, ba ya dawowa. Sai ladan dillali, yawanci hayar wata ɗaya, sai kamfanin da zai tsaya maka, sai inshorar gobara da canjin makulli. A haɗe sukan kai hayar wata huɗu zuwa biyar, don haka arhar haya tana rage maka nauyi tun ranar farko. Shawararmu: wata uku zuwa shida na farko ka zauna a masaukin makaranta ko gidan haɗaka. Ba kowane mai gida ne ke yarda da baƙo ba, kuma zance da dillali ya fi tafiya idan ka fara jin harshen. Ranar da za ka duba ɗaki, tambayi irin gas ɗin gidan. Toshi gasu na bututun gari ne. Puropan na tukunya ne, ya fi tsada sosai, kuma ƙananan gidajen haya masu arha sukan zo da shi, sai takardar kuɗin gas ta watan Janairu, lokacin sanyi, ta cinye rangwamen da ka yi murna da shi.

Aikin takardu bai bambanta ba. Cikin kwana 14 da samun mazauni ka je ofishin gunduma, kuyakusho, a rubuta adireshinka a bayan katin zama. A nan za ka shiga inshorar lafiya ta ƙasa, wadda da ita kashi 30 cikin ɗari kawai kake biya a asibiti. Kada ka bar wurin ba ka bayyana cewa ba ka samu kuɗin shiga a Japan a shekarar da ta wuce ba, domin wannan bayanin ne ke sa a rage maka kuɗin inshorar, har kashi 70 cikin ɗari. Idan ka kai shekara 20 za a sa ka a tsarin fansho, shi ma ana neman a ɗage biya a rubuce, ba a yin shiru a ƙyale takardun su taru. Bankin gidan waya, Yucho, shi ne ya fi buɗe wa sabon zuwa asusu. Ka tsayar da rubutun sunanka a katakana, haruffan da Japanawa ke rubuta sunayen baƙi da su, guda ɗaya tun farko: wanda ya rubuta Muhammad iri biyu a banki da wajen aiki yana iya ganin albashinsa ya maƙale. Katin zama kuwa ya kasance a jikinka ko kanti za ka leƙa, doka ce, 'yan sanda kuma suna tsayar da baƙi su tambaya. Inda Tokyo ta gaza a nan shi ne cunkoso, don babban ofishin shige da fice na Shinagawa yana iya cinye maka yini guda. Inda ta fi kuwa, ofisoshin jakadancin Najeriya, Ghana, Kamaru da Sudan duk suna can. Daga tashar Hakata ta Fukuoka zuwa Tokyo awa biyar ne a jirgin ƙasa mai gudu, kuɗinsa ya haura yen 20,000.

Yanzu ga harshen, wanda shi ne dalilin tafiyar. Aji rabin yini ne, safe ko rana, kuma littafin da ake karantawa a Shinjuku shi ake karantawa a Fukuoka. Bambancin yana waje. A Tokyo mutum zai iya yin shekara yana rayuwa da Turanci: injin tikiti yana da shi, ma'aikacin gunduma yana da tafinta, abokai ma ga su nan. Wannan sauƙi ne a watan farko, amma shi ke hana baki buɗewa. A Fukuoka Turanci ya fi ƙaranci da zarar ka bar tsakiyar gari, 'yan ajinka kuma da yawa 'yan Nepal ne da Vietnam, don haka Japananci ne zai haɗa ku ko ba ku so. Idan ma'aikaci ya yi maka sauri, ka ce "yasashii nihongo de onegai shimasu", wato a yi maka da sassauƙan harshe. Sun san wannan roƙon.

Amma Fukuoka tana da nata karin harshe, Hakata-ben, kuma ba ya cikin littafi. Za ka ji ana rufe tambaya da "to", ana cewa "ken" a maimakon "kara", ana ƙare magana da "bai" ko "tai". Ga misalin da ke kama sababbi a wajen aiki: shugaba ya miƙo maka tire ya ce "kore naoshitoite". A littafi naosu gyarawa ne, sai ka tsaya kana juya tiren kana neman inda ya lalace. A Kyushu kuwa ma'anarsa ka mayar da shi wurinsa. Wata biyu ya isa kunne ya saba, kuma mutanen garin suna komawa daidaitaccen harshe idan sun ga baƙo ne. A Tokyo abin da ka karanta da safe shi za ka ji da yamma, wannan fa'ida ce ta gaske ga mai shirin jarrabawa.

Bahaushe yana da gata a lafazi da bai kamata ya yi sakaci da shi ba. Kunnen da ya raba "baba" da "babba" zai raba "kite" da "kitte". Wanda ya san garin tuwo ba garin Kano ba ne a furuci zai ji bambancin "obasan", goggo, da "obaasan", kaka. Sautin "fu" nasu da leɓɓa biyu ake yin sa, kamar namu. Abin kiyayewa shi ne "tsu": kada ka matse shi a maƙogwaro kamar na "tsuntsu", sassauta shi. Wahalar tana ga jimla, da aikatau ke zuwa a ƙarshe, da kuma rubutu. Haruffan hiragana 46 da katakana 46 a gama su kafin a hau jirgi. Kanji, haruffan da aka aro daga Sinanci, na amfanin yau da kullum 2,136 ne, matakin N2 na JLPT, jarrabawar ƙwarewa a Japananci, yana buƙatar kusan dubu, kuma shi ne matakin da makarantun sana'a da kamfanoni suka fi nema. Ana yin jarrabawar a Japan sau biyu a shekara, Yuli da Disamba, a garuruwan biyu. Zamanka a makarantar harshe ba ya wuce shekara biyu, ka ga dama huɗu ke nan a mafi yawa.

A fannin abinci da ibada Tokyo ta yi gaba nesa. Akwai masallacin Tokyo Camii kusa da tashar Yoyogi-Uehara, wanda aka sake ginawa a 2000, akwai masallacin Otsuka, ga layin kantunan halal a Shin-Okubo, tasha ɗaya daga Shinjuku, inda za ka sami naman rago, shinkafa da kayan yaji. Fukuoka tana da masallaci a Hakozaki da aka buɗe a 2009, da 'yan kantunan halal kaɗan. Sannan abincin da garin ke alfahari da shi, taliyar tonkotsu, romon ƙashin alade ce, har warinta yakan tare ka a bakin titi. A ko'ina kake, girki a gida ne mafita. Kantunan Gyomu Super sukan sayar da daskararriyar kaza mai tambarin halal, ka duba kowace leda da kanka. Haruffa biyu ka fara haddacewa kafin na aji: 豚 alade, 酒 giya. Ka kuma kula da mirin, ruwan girki ne mai giya a ciki da ake zubawa a miya da yawa, da man alade da gelatin a burodi da kayan zaƙi. Batun Juma'a kuwa tun yanzu za ka yi shi: ajin rana yakan fara wajen ƙarfe ɗaya, daidai lokacin huɗuba. A Tokyo alfijir na watan Yuni yana ketowa kafin ƙarfe uku na dare, rana kuma tana faɗuwa wajen huɗu da rabi a Disamba. Fukuoka tana yamma, lokutanta sun ɗan fi jinkiri.

Shara ita ce farkon abin da ke ɓata tsakanin baƙo da maƙwabta. A Fukuoka sai da ledar hukuma da ake saya a kanti: ja ta abin da ke ƙonewa, shuɗiya ta wanda ba ya ƙonewa, rawaya ta kwalabe da robobin ruwa. Da dare ake fitarwa, motoci su kwashe kafin gari ya waye. A gundumomi 23 na Tokyo leda mai nuna abin da ke ciki ta isa, amma da safe ake fitarwa, yawanci kafin ƙarfe 8, kowane iri da ranarsa. Ledar da aka cakuɗa ba a ɗauka. Za a manna mata takarda a bar ta a wurin, kowa a gidan ya san ta wane ce. Katifa ko tebur kuwa sai ka kira an ba ka rana, ka sayi tikiti ka liƙa.

Zirga-zirga ma ta raba su. Makarantun harshe da yawa ba sa cikin waɗanda ake yi wa ɗalibansu rangwamen tikitin wata, don haka ɗalibin Tokyo da ya gudu bayan gari saboda haya yana biyan cikakken kuɗi, ya kuma yi awa guda a tsaye cikin matsi. Tsakiyar Fukuoka shimfiɗaɗɗiya ce, keke ya ishe ka makaranta da wajen aiki. Ka yi masa rajistar hana sata a inda ka saya, na hannu kuma a sauya sunan zuwa naka, in ba haka ba ranar da aka tsayar da kai za a ɗauka sato shi ka yi.

Kafin ka biya ko sisi, aika wa makarantun biyu tambayoyi huɗu a rubuce: ko za a iya sa ka a ajin safe saboda Juma'a, nawa ne masaukinsu a wata har da wuta da gas, daga waɗanne ƙasashe ɗalibansu suka fi yawa, kuma nawa za su mayar maka idan ofishin jakadanci ya hana biza.