Telar da ta gyara min kaki kafin tafiya Borno

Kakin soja da jikin namiji ake yanka shi: kafaɗa ta yi faɗi, ƙugu ya matse. Da za a tura mu Borno, wata 'yar uwa a bataliyarmu ta kai ni wurin wata tela a kasuwar mami ta barikinmu. Baiwar Allah ta san aikinta! Ta buɗe min wando yadda zan durƙusa da bindiga ba fargabar yagewa, ta rage hannun riga, ta ninka ɗinkin aljihu. Mu mata ne ke binciken mata a shingen hanya, yini guda a tsaye cikin rana, amma kakin nan bai taɓa cin jikina ba. Kuɗinta da sauƙi. Sai dai fa alƙawari: in ta ce Talata, ki je Juma'a.