Tsakanin Best Of da Colors: wanne za ka fara saya?

Ɗan'uwa, tsakanin faifan ƙungiyar mawaƙan metal (kiɗan rock mai nauyi) Between the Buried and Me guda biyu da ka ambata, wato Best Of na 2011 da Colors na 2007, ka sayi Colors. Dukansu biyun suna hannuna, kuma na san wanda nake yawan komawa gare shi.

Best Of zaɓaɓɓun waƙoƙi ne daga shekarun da ƙungiyar ta yi kafin ta koma kamfanin faya-fayai na Metal Blade a 2011. Waƙoƙin ba su da laifi, amma shi na fara saya, na saurare shi sau biyu ko uku, tun daga nan yake kwance a akwati.

Colors kuwa waƙoƙi takwas ne, tsawonsu ya kai kimanin minti 64, kuma mutanen nan na Raleigh a jihar North Carolina ta Amurka sun gina shi ne yadda kowace waƙa take zubowa cikin ta gaba ba tare da tsayawa ba. Na fara jin sa ne a mota da daddare, ina dawowa daga tafiya. A cikin "Ants of the Sky", bayan mawaƙinsu Tommy Rogers ya gama gurnani kuma gangunan Blake Richardson suna gudu kamar za su tsinke, sai kwatsam aka juya zuwa kiɗan ƙauyukan Amurka, har na rage gudu don in tabbatar faifan bai tsallake ba. Na iso ƙofar gida daidai lokacin da jitar bes ta Dan Briggs take lallaɓawa a "Viridian", ita ce kuma take buɗe wa "White Walls" hanya, sai na kashe inji na zauna a cikin motar har waƙar ta kai ƙarshenta, minti 14 da 'yan kai. Wannan nutsuwa da ke zuwa kafin guguwar ƙarshe ita ce abin da tarin zaɓaɓɓun waƙoƙi ba zai iya ba ka ba, domin duk waƙar da aka ciro daga inda aka dasa ta, an raba ta da abin da ya share mata fage.

Ka yi hattara da masu sayarwa a intanet. An taɓa turo mini faifai da sunan na asali ne, da ya iso sai na tarar kwafi ne da aka buga a kwamfuta, murfinsa ma hoto ne da ya dusashe. Kafin ka tura kuɗi, ka nemi hoton bayan faifan: na asali launin azurfa ne, akwai lambobin masana'anta a zagayen ramin tsakiya, na kwafi kuwa galibi yana ɗaukar kore ko shuɗi. Masu tura waƙoƙi a memori su ma sukan bar shiru na daƙiƙa ɗaya ko biyu tsakanin waƙa da waƙa, kuma a faifai irin wannan shirun nan ɓarna ce babba.

Idan Colors ya zauna maka, faifansu Alaska na 2005 za ka nema bayansa, ko don waƙar "Selkies: The Endless Obsession" kaɗai.