Injin jet na hannu da na saya a Legas: jirgin ya burge ni, cinikin ya ƙona mini rai

'Yan rukuninmu na masu tuƙa ƙananan jiragen rimot sun dame ni da tambayar yadda na ji da injin jet ɗin da na saya, musamman matasan da suka gaji da batir suke son shiga harkar kananzir da kuɗi kaɗan. To ga amsar a wuri ɗaya, kowa ya karanta. Jirgin ya yi, injin ma da ya samu gyara ba ni da abin cewa a kansa, amma cinikin da ya kai ni nan bai yi mini daɗi ba.

Gangar jikin Freewing Avanti S ce, jirgin rimot da fankar lantarki mai faɗin milimita 80 ke tunkuɗa shi daga ciki, wadda kusan duk wanda ya taɓa jirgin fanka ya san ta. Da batir 6S, wato mai gida shida, na daɗe ina tuƙa irinta, na san halinta, ba ta da gardama wajen sauka kuma tana jure iska. Abin da mutane ke yi shi ne su cire fankar su dasa ƙaramin tabain, wato injin jet mai cin kananzir, mai tunkuɗar kilo huɗu da rabi, ajin su KingTech K45 na Taiwan ko Xicoy X45 na Sifen. Wannan ita ce hanya mafi araha ta shiga harkar, domin jikin soso ne, ko ya daku asararsa ba ta kai ta manyan jiragen faiba ba. Nawa injin daga wannan ajin yake, sai dai ba zan ambaci kamfaninsa ba, saboda laifin da zan faɗa ba nasu ba ne.

Sabo dal na so in yi oda. Amma kun san yadda dala ta koma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, ga kuma batun takardu. Tun 2016 NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, ta sanar cewa ba a tayar da jirgi marar matuƙi sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kuma shigo da irin kayan ma yana da tasa takardar. Shi ya sa in aka ce ga wani ya riga ya shigo da kaya yana son sayarwa, kowa kunnensa ke tashi. Haka aka haɗa ni da wani bawan Allah a nan Legas, wai zai bar harkar ne saboda hidima ta yi masa yawa. An riga an dasa injin, an sa bututun hayaƙi na ƙarfe mai ruɓi biyu, an liƙe cikin soson da tef ɗin alminiyam saboda zafi, ga tanki ga famfo. Aikin haɗin dai tsaf, wannan ba zan ci haƙƙinsa ba.

Abu ɗaya ne babu a kwalin, ɗan allon nan da ake jonawa da ƙwaƙwalwar injin a karanta zafi da juyi da awannin da ya yi yana aiki. Na tambaya tun kafin in biya. Ya ce, "Alhaji, yana wajen ƙanena, wallahi cikin makon nan zan aiko maka. Injin nan ko awa biyar bai yi ba, ka duba fentinsa ma." Wanda ya haɗa mu ya tsaya masa, ya ce ya san shi ya san gidansu. Ya tayar mini da shi a tsakar gida ta rimot, ya kama lafiya lau, na biya.

Farkon lamarin sai godiya. Mu mazauna Agege ba mu da wurin tashi, filin jirgin Murtala Muhammed na nan a kanmu, ko kusa ba a wannan wasa a can. Sai mu yi sammako bayan asuba mu nufi wajen Epe kafin gosulo ya kama, inda muke da wani fili da muka yi magana da masu shi. Duk wanda bai taɓa tsayawa kusa da tabain yana kamawa ba, ba zai gane abin da ya sa muke zuba kuɗi ba. Sitata ta fara juya shi, ka ji ɗan "fuf" na kamawar wuta, sannan ƙarar ta dinga hawa har ta zama siririn fito, ga ƙanshin kananzir irin na filin jirgi. Ɗan abin da za ka riƙe a tafin hannu yana juyi sama da dubu 150 a minti guda. A sama kuma nauyin jirgin raguwa yake yi yayin da mai ke ƙarewa, saɓanin batir da nauyinsa ɗaya daga tashi har sauka, sai saukar ta zo da laushi. Abin da sabon shiga zai saba da shi kawai shi ne jinkirin amsawa. In ka tura sanda injin yana ɗaukar daƙiƙoƙi kafin ƙarfi ya zo, don haka tun da wuri ake yanke shawarar fasa sauka.

A lokacin, duk wanda ya tambaye ni cewa nake na yi tsintuwa.

Ranar da abin ya faru jirgin yana can ƙarshen fili, na juyo da shi kenan zan wuce ta gabanmu. Sai fiton ya canza, wani ƙarƙara ya shiga cikinsa kamar ana goga ƙarfe da ƙarfe. Akwai wani dattijo da muke kira Injiniya, ya yi aikin gyaran manyan jirage a Ikeja har ya yi ritaya, shi ke tsaye a bayana yana duba mini hanya. Kafin in buɗe baki ya ce, "Ɗana, rage wuta ka juyo gida yanzu yanzu." Ban gama juyowa ba injin ya ɗauke ɗif. Avanti ba ta faɗo ba, Allah ya taimake ni akwai tsawo, na sunkuyar da hancinta don kada gudu ya ƙare, na fitar da tayoyi a ƙurarren lokaci. Ba ta iso titi ba, a cikin ciyawa ta sauka, ƙafar gaba ta karye, hancin ya tsage. Muka ruga da tukunyar kashe gobara. Injin da ya mutu haka yana da zafin ɗaruruwan digiri a cikinsa, kuma in bai juya ya sha iska ba zafin yana komawa kan soso da tiyon mai. Injiniya ya ɗaga murfin, ya sa ɗan injin hura iska ta gaba har ya huce. Sai da ya huce ya sa yatsa ya juya fankar gaban a hankali, muka ji tana kartawa. Ya dube ni ya ce boris ne ya tafi, wato ƙwallayen da sandar injin ke juyawa a kansu.

Na ce Baba, injin da bai kai awa goma ba ko da an haɗa da nawa tashin? Bai ce komai ba. Ya je motarsa ya ɗauko irin allon da aka hana ni, domin shi ma yana da inji na kamfanin, ya jona. Awannin da suka fito sun wuce 25 nesa ba kusa ba, kuma adadin tayarwar ma ya nuna injin ya sha aiki. Masu ƙera waɗannan injuna a fili suke rubutawa cewa duk bayan awa 25 a mayar musu da shi su canza boris su sake daidaita juyin. Wannan bai taɓa zuwa sabis ba. Ashe allon ba wajen wani ƙane yake ba, an ɓoye shi ne don kada in karanta abin da ke ciki.

Abin da ya fi ci mini rai ba kuɗin ba ne. Akwai yara da ke taruwa a bakin filin nan duk ranar da muka je, muna korarsu baya suna dawowa. Da injin ya mutu ne lokacin da jirgin ke fuskantar wajensu, jirgi mai gudun da ya haura kilomita 150 a awa da kananzir a cikinsa, me zan ce wa iyayensu? Mutum ya san ya sayar maka da abin da zai iya ɗaukewa a sama, ya rantse da Allah, don kawai ya ƙara 'yan kuɗi a kan farashi. Na kira shi a daren, ya ce shi ma haka ya saya bai taɓa dubawa ba. Na ce to ina allon? Ya ce zai kira ni. Daga nan wayarsa ta daina shiga, wanda ya haɗa mu kuma sai haƙuri yake ba ni, wai in bar wa Allah.

Gyara a nan gida babu shi. Mai gyaran janareta ko turbo na mota a kasuwar kayan mota ta Ladipo ba zai iya ba, saboda boris ɗin na musamman ne masu ƙwallayen seramik, kuma bayan an canza sai an ɗora injin a na'urar daidaita juyi. Dole na aika shi waje. Kuɗin sabis da dala, kuɗin aikawa da dawowa da dala, ga zaman jira. Da na haɗa lissafin da abin da na ba mai sayarwa, da sabuwar ƙafa da hancin jirgi, saura ƙiris in kai kuɗin sabon inji mai garanti. Arahar da na bi ta tafi gaba ɗaya.

Gaskiya kuma, tun da ya dawo sai son barka. Yana kamawa a bugu ɗaya, ƙararsa ta fi ta da tsabta, ko a damina da iskar Legas ke cike da laima bai taɓa yi mini gardama ba. Ina haɗa masa kananzir da man tabain kashi 5 cikin ɗari, ina tace shi kafin ya shiga tanki domin kananzir ɗin jarka na bakin titi ba abin yarda ba ne, kuma tsadarsa yanzu ta sa wasu abokanmu sun koma dizal tunda injunan zamani suna cin duka biyun. Tankin yana ba ni minti biyar zuwa shida. Idan aka ce in ba injin maki shi kaɗai, zan ba shi mai kyau ba tare da shakka ba, kuma haɗa shi da Avanti dabara ce da zan ba duk wanda ya riga ya ƙware a jirgin fanka shawarar ya bi. Wanda bai taɓa tuƙa mai fanka ba kuwa ya fara da shi tukuna, da na'urar koyo a kwamfuta.

Sai dai ko da nake wannan yabon, da muka kwance jirgin don gyaran hanci wasu abubuwan suka ƙara fitowa. Tiyon da ke cikin tanki ya bushe ya ƙandare, ba ya bin mai in jirgi ya kifa. Ɗan ƙaramin tankin da ke tare kumfar iska kafin ta kai famfo yana yoyo ta bakinsa, an shafe wurin da gam. Kumfa ɗaya tak ta isa ta kashe tabain a sama, wato ko boris bai ci ba, wannan na nan yana jirana. Ragar da ake sa wa bakin injin don kada ya zuƙi tsakuwa ko ciyawa ma babu, ni na saya. Tukunyar kashe gobarar da ya haɗa mini a matsayin kyauta ta gari ce, alhali duk ɗan harka ya san ta iskar CO2 ake amfani da ita, garin nan in ya shiga inji ya gama da shi. Waɗannan duk ba a ganinsu a hoto ko a bidiyon WhatsApp, kuma shi ya san da su.

Don haka mai son sayen na hannu a garin nan, ya tafi da wanda ya san inji, a jona allo a gabansa ya karanta awanni da idonsa, ya nemi takardar sabis na ƙarshe, ya juya fankar da yatsa ya saurara. Ya cire kuɗin sabis daga farashin tun a wajen ciniki. In aka ce allon yana wajen ƙane ko yana hanya, ya mayar da kuɗinsa aljihu.

Shi kuma wanda ya sayar mini, na san yana cikin rukunonin da za a tura wannan rubutu. Ban ambaci sunanka ba kuma ba zan ambata ba. Amma allon nan yana cikin abin da na biya, har yanzu na Injiniya nake ara duk ranar da za mu fita. Ka ba wanda ya haɗa mu ya kawo mini Agege.