Hayar kayan sauti a Kaduna: sun iya biki, wasan dandamali mai waƙa fa?

Masu ba da hayar kayan sauti a Kaduna, daga Tudun Wada zuwa Barnawa, biki ne ya rene su. Kamu, dina, walima, taron siyasa, duk nan ba a cewa komai. Lasifikokinsu na da ƙarfi, suna zuwa da janareta, yaran shago kuma hannunsu ya faɗa wajen haɗa wayoyi. Inda ake samun tangarɗa shi ne ranar da ƙungiyar wasan kwaikwayo ko wata makaranta ta shirya wasa mai waƙa da rawa, mutum takwas ko goma na magana suna rera waƙa suna juyi a kan dandamali, ba wanda zai riƙe makirufo a hannu.

Kada a ɗauka ƙarancin kuɗi ne kawai ke jawo wannan. A watan Fabrairun 1988 aka fara nuna wasan Carrie a garin Stratford na Ingila, ƙarƙashin kamfanin Royal Shakespeare, Terry Hands ne darakta. Akwai wurin da ake sheƙa wa jarumar, Linzi Hateley, jinin bogi a kai, kuma ma'aikatan sun sha fama, domin da an zuba sai makirufon da ke jikinta ya daina aiki daidai, alhali waƙa na jiran ta. Da aka kai wasan Broadway, unguwar manyan gidajen wasan kwaikwayo a birnin New York, an buɗe shi ranar 12 ga Mayu, aka rufe ranar 15 ga wata: nuni 16 na gwaji, 5 na ainihi, bayan an kashe kusan dala miliyan 8. Masu sharhi a jaridu ne suka kashe shi, masu kuɗi suka janye, ba makirufo kaɗai ba. Amma abin da ya dame su a Stratford shi ke damun mu a nan, sai dai namu zufa ce, musamman a watan Maris da Afrilu.

Ƙaramin makirufon da ake maƙalawa a kunci ko goshi yana da ɗan rami a bakinsa. Ɗigo ɗaya na zufa, ko hoda da ta jiƙe, ya isa ya toshe shi, sai murya ta dushe kamar daga cikin tulu. Yawancin shagunan biki ba su san maganin wannan ba. A goge fata da sifirit kafin a manna filasta irin ta asibiti, a wuri uku: kunci, bayan kunne, ƙeya. A manna kafin kwalliya, ba bayanta ba. A ɗan lanƙwasa wayar kusa da bakin makirufon don zufa ta ɗiga ƙasa. Ɗan akwatin da ke aika siginar makirufon, wanda ake ɗaurawa a ƙugu, kuma a sa shi cikin safar hannu ta roba, a bar eriya a waje, a miƙe. Kuma jarumi ko jarumar da ke ɗauke da yawancin waƙoƙi a tanadar musu na biyu a gefen dandamali.

Abu na biyu, wanda ya fi ɓata rai, shi ne zango, wato mitar rediyon da makirufo marar waya ke aika sauti a kanta. Masu araha da yawa zangonsu ɗaya ne tak, ba ya canzuwa. Idan mai shago ya aro guda huɗu daga maƙwabcinsa don ya cika maka goma, ana iya samun biyu a zango ɗaya, kuma da an kunna su tare sai ƙarar shuu da yankewa. Gwada su ɗaya bayan ɗaya a shago yaudarar kai ce. A kunna duka lokaci guda, a zauren da za a yi wasan, ɗan wasa ya juya baya ya je ƙuryar dandamali, domin jikin mutum na tare sigina. Na'urar karɓar siginar ta zauna kusa da dandamali a wuri mai tudu, ba ƙarƙashin tebur ba.

Batir: nau'in alkaline, sabo, biyu-biyu a kowane akwati, kowane nuni. Na arha da ake sa wa tocila ba ya kai ƙarshen wasa. Ku saya da kanku.

Sai mai zama a kan miksa, wato na'urar daidaita sautin makirufo, kuma a ganina nan ne hidimar ta fi rauni. Mai sa kiɗan biki, wato DJ, ya saba buɗe komai ya bari. A wasa kuwa, makirufo goma a buɗe na nufin kukan lasifika, da kalangu na shiga ta kowanne, da hirar ƴan wasa a bayan labule tana fita wa jama'a. Aikin yana buƙatar takardar wasan a gabansa, an yi mata alamar wanda zai shiga da wanda zai fita, yana ɗagawa yana saukewa layi bayan layi. Wanda bai halarci gwaji aƙalla biyu ba ba zai iya ba, komai ƙwarewarsa. Lasifikoki su tsaya gaba da ƴan wasa suna fuskantar ƴan kallo, fitilu kuma a ba su layin wuta daban, in ba haka ba gurnani zai riƙa bin sauti.

Don haka lasifika, amfilifaya da janareta ana iya ɗaukar na shagon biki hankali kwance, muddin miksar na da layi 16 ko fiye. Makirufo marasa waya kuwa sai an gwada. Kafin a ba da kafin alƙalami, a rubuta a takarda cewa kuɗin ya haɗa da ranakun gwaji, cewa yaron da ya zo gwaji shi zai zo ranar wasa, da kuma wanda zai biya idan zufa ta lalata makirufo.